Shingen Injiniya Rawan

Ranar Asabar ɗin da boksin Sami ya ƙwace a kwanar kudu, kafin hayaniya ta lafa mutanen Gadarif sun riga sun sami mai laifi. Ba su ɓata lokaci wajen tambaya ba.

Ga yadda abin yake. Duk shekara idan an gama kwashe dawa da riɗi, samarin da ke tuƙa motocin gona, irin a-kori-kurar nan da muke kira boksi, sukan haɗu su yi tsere a filin Alhaji Kassim, ɗan kasuwar hatsi, can kan hanyar Hawata. A da 'yan kallo a bakin hanya kawai suke tsayawa, Allah na tsarewa. Bana kwamitin tseren ya ce a yi shinge, aka ba Rawan 'yar Sauda aikin, yarinyar da ta karanto aikin injiniya a birnin Madani ta dawo gida. Dattawa sun yi gunaguni. Da suka ga aikin, suka rage murya.

A kwanar kudu, inda mota ta fi ƙwacewa, Rawan ta jera manyan baramil na roba, masu fenti ja da fari, ta ce a cika su da ruwa. Bayansu ta ɗaure tsofaffin tayoyin tarakta. Bayan tayoyin ta kafa raga ta ƙarfe a kan igiyoyin ƙarfe, kan turakan ya sunkuyo wajen hanya. Can baya kuma ta ja igiya, ta ce kada ɗan kallo ya tsallake ta.

Bayan la'asar Sami ya shigo kwanar da gudun da ba na mai iyali ba. Boksin ya zame, ya bugi baramil. Maimakon su fashe su riƙe shi, sai suka tashi sama kamar ƙwarya. Motar ta ture tayoyin, ta faɗa cikin ragar. Ragar ta kumbura har kusa da igiyar 'yan kallo, ta yi ƙara, amma ba ta yanke ba. Sai dai barmil ɗaya ya tsallake ta sama, ya sauka a kan Hamisu tela. Malam Tijjani, ladanin masallacin kasuwa, shi ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa mota, jini ya jiƙa masa jallabiya, ya bi shi asibiti.

Wani ya ƙwanƙwasa baramil ɗin da mota ba ta taɓa ba. Suka amsa masa kamar ganga. Aka buɗe, ɗan ruwa ne kawai a gindin kowanne.

"Ba ta cika su ba!" in ji ƙanen Hamisu. "Ta ɗiga kaɗan don rufe ido!"

Wasu suka ce Habashawan sansanin gudun hijira na Umm Rakuba da suka yi mata aiki ne suka sace ruwan. Wasu suka ce dama aikin ƙarfe ba na mace ba ne. Kafin dare an kai ƙara wurin 'yan sanda da sunan Rawan. Alhaji Kassim ya roƙi alfarma, ya ce a bar dattawa su zauna gobe bayan la'asar. Idan ba su sami wani abu ba, shi da kansa zai miƙa ta kafin magariba.

* * *

Baba Uzairu yana shan kofi a kan gadonsa na igiya da hantsin Lahadi, Sauda ta yi sallama. Shi ne mai bin sawu da duk yankin ya sani. Ya taɓa bin sawun shanun sata daga bakin kogin Rahad har iyakar Habasha, ya dawo da su, ya kuma faɗi cewa ɓarawon yana da ƙaya a ƙafar hagu, aka duba aka samu. Yanzu gwiwa ta ƙi, amma ido bai ƙi ba.

"Kawu," in ji Sauda, "za su kai min ita."

"Na ji. Zauna."

"Ba zan iya zama ba."

"To tsaya. Yarinyar ta cika baramil ɗin ko ba ta cika ba?"

"Ta rantse min ta cika."

"Ban tambaye ki rantsuwarta ba. Kowa yana rantsuwa jiya." Ya ajiye finjalin, ya jawo sandarsa. "Ki sani, idan ƙasa ta ce ba ta cika ba, haka zan faɗa a gaban kowa. Ban taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba, ba kuma zan fara saboda ke 'yar ƙanwata ce ba."

"Na yarda."

"Je ki fito min da ita daga gidan Alhaji, inda aka riƙe ta. Idan Alhaji ya yi magana, ki ce ni na ce."

* * *

Filin ya yi tsit, sai takalman da mutane suka zubar wajen gudu. Boksin Sami yana nan cikin ragar, hancinsa a lotse. Baba Uzairu bai duba ƙasa ba tukuna. Ya tsaya yana kallon shingen, ya kama igiyar ƙarfe ɗaya ya girgiza.

"Me ya sa ta yi sako-sako? Ko shingen akuya an fi ɗaure shi."

Rawan ta tsaya a bayansa, idanunta sun kumbura. "Da gangan ne, Baba. Idan ta yi tauri, mota za ta tsinke ta, ko ta tsinke mai motar. Idan ta saki kaɗan sai ta karɓi motar ta tafi da ita, kamar yadda ake cafe ƙwai."

"Turakan fa? Duk sun sunkuya kamar masu gaisuwa."

"Don abin da ya tashi sama ya dawo cikin hanya. Na yi lissafin taya da ƙarfe. Ban yi lissafin barmil zai tashi ba, domin mai ruwa ba ya tashi. Fashewa yake yi, ruwan ya shanye ƙarfin motar."

Tsohon ya auna da ido daga inda ragar ta kumbura zuwa igiyar 'yan kallo. Tazarar ba ta fi tsawon tabarma ba. A wurin nan mata da yara suka fi yawa jiya. Ya daɗe yana kallo, ya ce a ransa wanda ya yi tunanin wannan ba zai yi rowar ruwa ba. Amma bai faɗa ba, domin ba tunaninsa aka kira shi ya faɗa ba.

Ya bi gefen ragar har ƙarshenta, inda aka bar wata 'yar ƙofa ta ma'aikata. Ya shiga tsakanin tayoyi da baramil ɗin da suka tsira. Ya ce Rawan ta kama ɗaya su kawar. Suka kawar da shi da hannu ɗaya-ɗaya.

Ƙasar Gadarif baƙa ce, da rani tana da taurin kai, tana darewa har ƙafar yaro ta shige. Amma an yi wa filin nan haro kafin tsere, samansa ya yi laushi. A inda barmil ɗin ya zauna akwai zobe a ƙasa. Baba Uzairu ya durƙusa da kyar, ya sa yatsa a ciki. Yatsan ya nutse har gaɓa.

"Ɗora shi can gefe, ki danna da ƙarfinki."

Ta danna. Da suka ɗaga, da kyar ake ganin alamar.

"Wannan ramin ba barmil fanko ya yi shi ba," ya ce. "Ya kwana a nan da cikinsa cike. Dukansu haka."

Rawan ta rufe fuska da mayafi.

"Kada ki yi kuka yanzu, ba mu gama ba. Za su ce kin cika da yamma don a gani, kin sa an kwashe da safe. Ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, kin sani. Wa ya kawo miki shi?"

* * *

Abdelaziz mai karo, wato amalanken jaki na dakon ruwa, yana wanke jakinsa a bayan tashar ruwa. Da ya hango su ya ɗaga hannu biyu sama.

"Ya Amm Uzairu, babanmu, wallahi tun jiya ake jifana da ido! Sun ce na sayar mata da ruwa da yamma, na koma na sace da asuba na sayar wa masu gidan abinci. Ni? Jakin nan shaida ne!"

"Shi zan tambaya, ya fi ka gaskiya. Ɗaga min ƙafarsa ta baya."

Ya duba kofaton, ya duba tayoyin karon, ɗaya sabuwa ɗaya ta sule. Ya riga ya ga sawunsu a bakin filin, ta wajen da taro bai taka ba.

"Duk zuwan da ka yi, tayarka ta nutse a shiga, ta yi sama-sama a fita. Jakinka ya shiga yana turjiya, ya fita yana rawa. Ba ka taɓa fita da kaya ba."

"Allahu akbar! Kin ji ko, ya bashmuhandisa, babbar injiniya? Ka zo ka faɗa a kasuwa, ya Amm!"

"Ka zo gidan Alhaji bayan la'asar. Ka wanke ƙafarka kafin ka zo, ba ta jaki kaɗai ba."

Daga nan suka nufi rumfar da 'yan ƙwadago ke jiran masu gona. Tesfay, babban Habashawan da suka kafa turakan, yana zaune a can ƙarshe shi da mutanensa, ba wanda ya zauna kusa da su. Larabcinsa a karye yake, amma ya isa.

"Mun gama Juma'a, mun tafi. Asabar ba mu je ba. An ce kallo na 'yan gari ne." Ya nuna tafin hannunsa da igiyar ƙarfe ta yayyanka. "Yau ba mai ɗaukarmu aiki. Sun ce mu ɓarayin ruwa ne. Ina za mu kai shi? A aljihu?"

Baba Uzairu ya dubi takalmansu, duk na roba ne mai ramuka. Ya ga sawun irinsu a gindin turakan, amma tayar karo ta hau kansa, kuma bai ga ko ɗaya a kan sawun karon ba. Sun tafi kafin ruwan ƙarshe ya iso, ba su dawo ba.

"Kai ka ɗaure igiyar tsakiya?"

"Ni ne. Yadda ta nuna."

"Ta riƙe," in ji tsohon. Ya miƙa masa hannu a gaban duk masu kallo, ya daɗe bai saki ba.

A hanya Rawan ta ce, "To saura wa? Wasu na cewa abokan hamayyar Sami ne, don ya yi haɗari."

"Wa ya san wanda zai ƙwace a kwanar? Mai son cutar Sami motarsa zai taɓa. Kuma da mugunta ce, huda baramil ɗin za a yi, ruwa ya kwarara a wurin. Ƙasar gindinsu a bushe take, tsagarta ba ta rufe ba. Ba a zubar da ruwan nan ba, 'yata. An kai shi wani wuri, kuma ba a kan taya ba."

* * *

Rana ta take suka koma filin. Ta bayan ragar ƙasa tana gangarawa zuwa wani kwari, inda itacen aduwa yake. A nan masu shayi suka kafa rumfunansu jiya. Jummare ce kaɗai ta dawo kwashe kayanta. Taubashiyar Baba Uzairu ce, tun suna yara ba su gaisa ba tare da tsokana ba.

"A'a! Mai shinshinar bayan shanu! Yau kuma motoci kake bi? Da wace gwiwar?"

"Da wadda ta ƙi aurenki. Zuba min shayi, kada ki cika ruwa kamar yadda kika saba."

"Jiya da ka zo da ka sha mai kyau. Ruwa har ya yi mana yawa. Allah ya saka wa Alhaji."

Tsohon ya tsaya da finjali a hannu. "Wane ruwa?"

"Na sabil mana, na sadaka. Da azahar mutane sun cika, rana kamar za ta fasa kai, motar ruwan da kwamiti ya yi alkawari shiru. Tulunana sun ƙare. Maza sun fara buga ƙasa za su yi taimama, sai aka ce a dakata, ruwa na zuwa. Can sai ga shi yana zuba a bahon nan ta tiyo." Ta nuna wani rabin barmil na ƙarfe a bayan rumfarta. "Aka sha, aka yi alwala, aka cika butoci, masu motoci ma suka ɗiba. Har la'asar bai yanke ba, sai dai ya tsaya kaɗan ya dawo."

"Daga ina tiyon ya fito?"

"Ni na sani? Ina fama da masu neman canji. Daga sama dai, ta wajen tayoyin can. Na ɗauka motar ruwan ce ta tsaya ta baya. Kowa ya je yana yi wa Alhaji godiya, shi kuma yana cewa ba komai, ba komai."

Rawan ta zauna a ƙasa ba tare da ta san ta zauna ba.

Tiyon ba ya nan. Daga bahon zuwa ragar kuwa ƙafafun masu gudu sun tattake komai. Baba Uzairu ya sake shiga ta 'yar ƙofar nan, wannan karon bai kalli baramil ba, lungun da ke bayansu ya bi a sunkuye. An rataya ƙyallen talla a jikin ragar, wanda ya shiga nan ba mai ganinsa daga waje. A ƙarƙashin ragar ya sami ɗan layi mai santsi kamar jan cikin maciji. A gindin kowane barmil akwai gurbin gwiwa, kusa da shi kuma ɗan wuri da ƙasa ta dunƙule, inda mutum ya zuƙo ruwa da baki ya tofar, yadda direbobi ke zuƙo gas daga tanki. Sai kuma sawun markub, takalmin fata na dattawa, an yi wa dugadugin dama faci da robar taya, zanen robar a karkace.

Ya fito, ya gangara kwarin, ya wuce bahon. A nan ruwan alwala ya jiƙa ƙasa ta zama laka, rana ta gasa ta, ta riƙe komai kamar an zana. Sawun ƙafafu ba takalmi birjik, manya da ƙanana. Gaba kaɗan, a fili mai laushi, ga gurbin yatsu da gwiwoyi da goshi, layi bayan layi, duk sun fuskanci alƙibla. Ya bi gefen sahun a hankali yana neman facin nan. Bai same shi a sahun baya ba, bai same shi a na tsakiya ba.

Da ya same shi, sai ya zauna a kan tushen aduwar. Jummare ta buɗe baki za ta tsokane shi, ta ga fuskarsa, ta fasa.

"Rawan," ya ce daga baya, "je ki gida ki ci abinci. Jummare, aika asibiti a ce Malam Tijjani ya zo zaman nan. Tun jiya yana gefen Hamisu yana masa fifita, ko gida bai je ba. A ce ni na roƙa."

* * *

Zauren Alhaji Kassim ya cika bayan la'asar, har waje. Rawan da uwarta suna bakin ƙofar cikin gida. Abdelaziz da Tesfay suna tsugune a gefe. Ƙanen Hamisu ya ƙi zama.

"Yayana bai farfaɗo sosai ba, ƙashin kafaɗa ya karye, kai ya fashe. Ba labarin sawu na zo ji ba."

"Za ka ji, tunda ba ka da wani," in ji Baba Uzairu. Bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa.

Ya faɗi zancen zoben da ke ƙasa. Ya faɗi na karo, ya faɗi na takalman roba. Abdelaziz ya yi ta waige-waige yana neman waɗanda suka zarge shi.

"To wa ya kwashe?" in ji Alhaji.

"Kafin nan, Alhaji, motar ruwan da kuka yi alkawari, ta zo?"

Alhaji ya gyara rawani. "Ai... an sami ruwa."

"An samu. Na ce ta zo?"

Wani ɗan kwamiti ya ce daga baya, "Ta lalace a hanya. Yau da safe aka jawo ta."

Alhaji ya juya ya kalle shi, bakinsa a buɗe.

"Duk wanda ya yi alwala a bahon Jummare jiya," in ji tsohon, "ko ya sha, ko ya ba ɗansa, ya ɗaga hannu."

Da farko ba wanda ya motsa. Sai hannu ɗaya, sai wani, sai zauren ya zama kamar gonar dawa. Alhaji ya ɗaga nasa. Ƙanen Hamisu ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba, ya ɗaga shi rabi.

"Ni na zuba wa Yaya ma," ya ce a hankali.

"Ruwan shingen ke nan. Da tiyo aka zuƙo shi, barmil bayan barmil, ya gangaro muku. Ba ku sani ba, ban ce kun sani ba. Mutum ɗaya ne ya sani. Yana sanye da markub mai faci a dugadugin dama. Na bi shi daga bayan baramil zuwa baho, daga baho zuwa wurin salla. Bai shiga sahu ba." Ya dafa sandarsa. "Gaba ya wuce, ya tsaya shi kaɗai."

Ba wanda ya tambayi suna. Duk wanda ke zauren ya san bayan wa ya yi salla jiya. A bakin ƙofa, cikin tarin takalma, wani ya sunkuya zai duba, Baba Uzairu ya buga sanda a ƙasa.

"Bar shi. Mai shi yana da baki."

Malam Tijjani ya miƙe. Jinin Hamisu yana nan a kafaɗar jallabiyarsa, ya bushe ya yi baƙi. Dattijo ne da ya yi tuƙin tarakta kafin ya zama ladan, mutumin da ko allurar wani bai taɓa riƙewa ba.

"Ni ne," ya ce. "Na ga jama'a za su yi taimama, ga ruwa a gabanmu, na ga lokacin da aka zuba shi. Na ce a raina ba a taimama ruwa na kusa. Na ɗauka baramil ɗin alama ce don direba ya ga kwana, ruwan kuma don kada iska ta ture su. Shi ya sa na bar kaɗan a gindin kowanne. Na ɗauko tiyo a motar wani. Na yi murna, wallahi na yi murna, ina ganin yara suna sha." Ya dubi jinin da ke kafaɗarsa. "Da na ga barmil a sama na gane. Na janye tiyon na jefa a kwari kafin na ɗauki Hamisu. Wannan kam da sanina na yi. Na ji ana kiran sunan yarinyar nan, na ce zan faɗa da safe. Da safe na ce zan faɗa idan ya farfaɗo. Uzairu, da ba ka aiko ba, ban san ranar da zan faɗa ba."

"Na sani," in ji Baba Uzairu. "Shi ya sa na aika."

Ƙanen Hamisu ya tako gaba, sai ya tsaya, don bai san wa zai kama ba.

Rawan ce ta yi magana, daga bakin ƙofa. Uwarta ta ja mayafinta, ba ta kula ba.

"Baba Malam, shirun da ka yi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Amma kwamiti kaɗai na yi wa bayanin amfanin ruwan. Na bar murfi yadda kowa zai iya buɗewa, a garin da ake bin karo da jarka. Idan aka sake ba ni aikin, zan liƙe murfin, ƙofar ta sami kwaɗo, kuma ba za a tada mota ba sai na ga ruwan jama'a da idona."

"Idan aka sake ba ki?" Baba Uzairu ya juyo ga zauren. "Na je na auna. An cire wa shingen nan kashi ɗaya cikin ukunsa, ya karɓi boksi a guje, ya tsayar da shi tsawon tabarma ɗaya daga 'ya'yanku. Waɗanda suka ɗaga hannu yanzu, da yawanku da hannun yarinyar nan da na Bahabashen can kuka kwana a gida jiya. Ba wanda ya ce musu sannu. Ni na ce. Sannu, Injiniya."

Ba a taɓa jin ya kira wani da sunan aikinsa ba in ba liman ba. Sauda ta fashe da kuka a nan.

Malam Tijjani ya nufi ƙofa, ya nemo markub ɗinsa ya saka.

"Ina za ka, Malam?" in ji Alhaji.

"Wurin 'yan sanda. Sunanta yana can, kuma rana ta kusa faɗuwa. Zan je a cire a sa nawa."

Alhaji Kassim ya bi shi da kallo. Sannan ya tashi ya ɗauki sandarsa. "Ni na yi alkawarin ruwa ban kawo ba, na kuma karɓi godiyarsa har da cewa ba komai. Tsaya mu tafi tare."

Ƙanen Hamisu ya bi su, ya ce shi ya kai ƙarar, shi zai gyara ta. Ɗan kwamitin ya tashi. Sai na kusa da shi. Kafin a jima zauren ya zama wayam, sai tabarmi, layin mutane kuwa ya miƙe a kan hanyar ofishin 'yan sanda, ladan a gaba.

Rawan ta zo ta durƙusa kusa da tsohon. "Baba, ba za ka bi su ba?"

Ya leƙa ta ƙofa, ya dubi ƙasar da suka taka.

"Wannan sawun ko makaho ya gan shi," ya ce. "Kama min hannu in tashi. Ki kai uwarki gida."